Siyasa ce ta kashe mujallun wasanni?

Wani matashi mai karatun aikin jarida ya aiko mini da tambaya, ga ta a taƙaice: "Baba, ina yawan jin ana cewa mujallar Sports Illustrated ta Amurka da ire-irenta sun durƙushe ne saboda sun bar zancen wasa sun koma zancen siyasa, masu karatu suka yi fushi suka watse. Haka ne? In haka ne, mu da muke shirin shiga wannan aiki sai mu kame bakinmu daga siyasa ke nan?"

Ɗana, ka taɓo mini inda yake yi mini ƙaiƙayi, domin a teburin wasanni na ƙarar da ƙuruciyata, kuma har gobe ina jin ciwon abin da ya sami wannan sana'a. Waɗanda suka gaya maka haka sun bar jaki suna dukan taiki. Akwai ɗan ƙamshin gaskiya a maganarsu, zan zo kansa, amma ko da rigimar siyasa ta iso, mujallun nan ta tarar da su a kwance, cuta ta riga ta ci jikinsu.

Fara da sanin inda mujalla take samun abincinta. Henry Luce, mai kamfanin Time, shi ya fito da Sports Illustrated a watan Agustan 1954, kuma ta yi kusan shekara goma tana tafka asara kafin ta fara kawo riba. Da ta tsaya da ƙafafunta, ta kai tana buga kwafi wajen miliyan 3 kowane mako, akasari ana kai wa mutane har ƙofar gida ta gidan waya, saboda sun biya kuɗin shekara. Sai dai kuɗin mai karatu ba shi ne ginshiƙin gidan ba. Masu talla ne ginshiƙi: kamfanonin motoci, da na giya, da na taba sigari, musamman bayan da aka hana tallan sigari a rediyo da talabijin ɗin Amurka a farkon 1971, kuɗin ya malalo wa mujallu. Mai kamfanin mota yana son magidanta masu abin hannu su ga hajarsa, kuma a wancan zamani hanyoyin isa gare su kaɗan ne. Mujallar ta tara masa su wuri guda, ya biya ta ladan tarawa. Da wannan kuɗi ake tura marubuci ya yi wata guda yana bin ɗan dambe ɗaya, a tura mai ɗaukar hoto wata nahiya saboda hoto guda da za a sa a bango.

Abu na biyu da mujalla take sayarwa shi ne jira. Mutumin da bai ga wasan Lahadi ba dole ya haƙura zuwa tsakiyar mako kafin ya ga hotonsa mai launi, ya karanta yadda aka yi. Tashar talabijin ta wasanni ESPN ta buɗe a 1979 ta fara gutsurar wannan jira, intanet ta zo ta cinye mafi yawansa, wayar hannu ta suɗe kwanon. Yau ƙwallo ba ta gama girgiza raga ba ta iso aljihunka. Masu talla kuwa suka gano cewa Google da Facebook za su kai su gaban mutumin da yake neman mota a wannan makon, da kuɗin da bai kai na shafi guda a mujalla ba. A 2006 jaridun Amurka sun samu kusan dala biliyan 49 daga talla. Zuwa 2022 abin bai kai biliyan 10 ba. Mujallu ma wannan guguwa ce ta bi ta kansu.

Yanzu jera shekarun ka gani da idonka. Rigimar da ake dangantawa da "siyasa a wasanni" ta yi ƙamari ne daga 2016, lokacin da Colin Kaepernick, ɗan wasan zari-ruga irin ta Amurka, ya ƙi miƙewa tsaye ana taken ƙasa, daga baya ya koma durƙusawa a gwiwa ɗaya, don nuna ɓacin ransa kan yadda 'yan sanda ke kashe baƙar fata. To amma mujallar Sport ta mutu tun 2000. Shoot ta Ingila, wadda yaranmu na da suke yanke hotunan 'yan ƙwallo daga cikinta suna liƙawa a bangon ɗaki, ta daina fitowa mako-mako a takarda a 2008. Sporting News, wadda aka kafa tun 1886, ta buga kwafinta na ƙarshe a 2012. Ita kanta ESPN, gidajen da ke kama ta sun kai ƙololuwa, wajen miliyan 100, a 2011, daga nan suka fara raguwa saboda mutane suna yanke wayar talabijin ta biya suna komawa kallo ta intanet. Duk wannan ya faru Kaepernick bai durƙusa ba tukuna. Ka dubi Faransa kuma: France Football, mai bayar da kyautar Ballon d'Or, ta koma fitowa wata-wata a 2021, kuma ba wanda ya zarge ta da rigimar taken ƙasar Amurka. Mujallun kimiyya, da na girke-girke, da na gyaran mota, waɗanda ba ruwansu da kowace jam'iyya, su ma haka suka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya.

Ita Sports Illustrated, ƙarshen labarinta abin takaici ne, kuma in ka bi shi daki-daki ba za ka ga ɗan siyasa ko ɗaya a ciki ba, 'yan kasuwa za ka gani. Kamfanin Meredith ya saye Time a farkon 2018, a shekarar mujallar ta koma fitowa bayan mako biyu-biyu. A 2019 aka sayar da sunanta kan dala miliyan 110 ga Authentic Brands Group, kamfanin da sana'arsa sayen shahararrun sunaye yana bayar da hayarsu. Su kuma suka ba wani kamfani, wanda daga baya ya zama Arena Group, hayar buga mujallar. Shigarsu ke da wuya suka sallami ma'aikata da dama, a 2020 ta koma wata-wata. Sunan da aka yi shekara sittin ana ginawa da gumin marubuta sai ga shi a jikin kamfanin caca. A watan Nuwamban 2023 kafar Futurism ta bankaɗo cewa akwai rubuce-rubuce a shafin mujallar ɗauke da sunayen marubutan da babu su a duniya, hotunan fuskokinsu ma na'ura ce ta ƙirƙira. Kamfanin ya ce wasu 'yan kwangila ne suka kawo rubutun, amma kunyar ta riga ta afku. A Janairun 2024 suka kasa biyan kuɗin haya na dala miliyan 3.75, aka ƙwace lasisin, aka aika wa ma'aikata takardar sallama, sai a watan Maris wani kamfani mai suna Minute Media ya karɓa. Ranar da na karanta labarin marubutan bogi, wallahi sai da na ajiye waya na yi shiru. Wannan mujalla ce da muke roƙon duk mai zuwa ƙasar waje ya taho mana da ko tsohon kwafi ne, mu ga yadda ake rubutu.

To, ina ƙamshin gaskiyar da na ce akwai? Ga shi. Lalle akwai masu karatu da masu kallo da suka yi fushi. A Satumban 2017 Donald Trump ya tsaya a wani gangami a jihar Alabama ya ce masu ƙungiyoyi su kori duk ɗan wasan da ya durƙusa. A watan ne Jemele Hill, mai gabatar da shiri a ESPN, ta rubuta a Twitter cewa Trump mai aƙidar fifita farar fata ne, Fadar White House ta ce ta cancanci kora, bayan 'yan makonni aka dakatar da ita kan wani rubutun daban. A ƙarshen shekarar Sports Illustrated ta ba Kaepernick lambar yabo mai ɗauke da sunan Muhammad Ali. A ƙasar da ta rabu kusan biyu daidai, duk wanda ya yi haka ya san wasu za su juya masa baya, kuma sun juya. Da Jimmy Pitaro ya karɓi ragamar ESPN a 2018, ya fito fili ya ce masu kallonsu ba siyasa suka zo nema ba, ya ja wa ma'aikatansa linzami. Ba na raina wannan. Mutumin da ya wuni cikin hayaniyar duniya, ya dawo gida yana son awa biyu ta ƙwallo, yana da haƙƙinsa, kuma editan da ya raina shi bai san aikinsa ba. Amma linzamin da aka ja bai dawo da ko mutum ɗaya kan takarda ba: mujallar ESPN, wadda aka fara a 1998, ta daina fitowa a Satumban 2019, bayan an riga an yi shiru da siyasar.

Akwai ma abin da ya fi wannan nuna maka gaskiyar lamarin. A Oktoban 2019 sababbin masu Deadspin, wata kafar labaran wasanni ta intanet a Amurka, suka ba ma'aikata umarni a rubuce cewa su tsaya kan wasanni kawai. Aka kori editan da ya ƙi bi, cikin 'yan kwanaki duk marubutan suka ajiye aiki, kafar ba ta sake komawa yadda take ba. A ɗaya gefen kuma Clay Travis ya gina kafarsa ta OutKick a kan zargin sauran kafafe da cusa siyasa a wasanni, alhali shi ma siyasar yake yi dare da rana, ta ɓangaren masu ra'ayin riƙau, har kamfanin Fox ya saye ta a 2021. Ka ga ke nan siyasa tana sayuwa. Abin da ya canja shi ne, a da mujalla ɗaya tana ƙoƙarin riƙe kowa da kowa saboda mai talla yana son kowa, yanzu kuwa kowace kafa ta kama nata jama'ar tana ba su abin da zai tunzura su, domin fushi ya fi komai saurin yaɗuwa a waya, kuma ya fi araha. Aika wakili ya bi ƙungiya kakar wasa guda yana cin kuɗi mai yawa. Zaunar da mutum biyu a ɗaki su yi ta musu ba ya cin komai sai lantarki. Talauci ne ya haifi yawancin surutun da ake kira siyasa, shi ya sa nake cewa an juya labarin, an mayar da jela kai.

Kada kuma wani ya ruɗe ka da cewa a zamanin da mujallun suke tashe babu siyasa a cikinsu. Muhammad Ali ya ƙi shiga soja a 1967 lokacin yaƙin Biyetnam, aka ƙwace kambunsa, sai a 1971 Kotun Ƙoli ta wanke shi, kuma shafukan wasanni ne suka ɗauki wannan labari daga farko har ƙarshe. A 1968 Tommie Smith da John Carlos, 'yan tseren Amurka baƙar fata, suka ɗaga dunƙulallen hannu don nuna adawa da wariyar launin fata a kan dandamalin karɓar lamba a gasar Olamfik ta Meziko. A wannan shekarar Sports Illustrated ta buga dogon bincike kashi biyar kan wariyar da ake nuna wa baƙaƙen 'yan wasa a jami'o'i da ƙungiyoyin Amurka. Wasiƙun zagi sun zo, amma mujallar ci gaba ta yi da bunƙasa shekaru da yawa bayan nan.

Mu dawo gida, domin a nan za ka yi aikinka. Mu a Najeriya ba mu taɓa samun wasa wanda babu hannun hukuma a cikinsa ba. Najeriya tana cikin ƙasashen Afirka da suka ƙaurace wa Olamfik ta Montreal a 1976 saboda mulkin wariyar launin fata na Afirka ta Kudu. A 1996 gwamnatin Janar Sani Abacha ta hana Super Eagles zuwa kare kofin Afirka da suka ci a 1994, bayan Nelson Mandela ya yi tir da rataye Ken Saro-Wiwa da 'yan'uwansa, hukumar CAF kuma ta hana mu gasar 1998. 'Yan wasan da suka fi kowane zubi ƙarfi a tarihinmu, gasa biyu suka rasa a kan ganiyarsu. A 2010 Shugaba Goodluck Jonathan ya dakatar da ƙungiyar ƙasa shekara biyu bayan gasar cin kofin duniya, ya janye cikin 'yan kwanaki da FIFA ta yi barazana. Wane ɗan jaridar wasanni ne zai rubuta waɗannan ba tare da ya taɓa siyasa ba? Ko sunayen filayenmu ka duba: Ahmadu Bello a Kaduna, Sani Abacha a Kano, Moshood Abiola a Abuja.

Ka lura da wani abu game da mu masu karatu. Lokacin da Mesut Özil ya yi magana kan Musulmin Uighur na ƙasar Sin a 2019, har gidan talabijin na gwamnatin Sin ya fasa nuna wasan Arsenal da Manchester City, ban ji kowa a majalisunmu ya ce Özil ya tsaya kan ƙwallo ba. Haka da ƙungiyar Mainz ta Jamus ta kori Anwar El Ghazi a 2023 saboda abin da ya rubuta kan Gaza, kowa labarin yake nema. Yawancin mai cewa a raba wasa da siyasa, siyasar da ba ta yi masa daɗi ba yake nufi. Haka Ba'amurke yake, haka mu ma muke, kuma gara ka san wannan tun yanzu.

Takardarmu kuwa abin da ya kashe ta a bayyane yake. Na san lokacin da safiyar Litinin a gindin bishiyar mai sayar da jarida take kamar kasuwa. Complete Sports, wadda marigayi Sunny Obazu-Ojeagbase ya fara bugawa kullum a 1995, bayan mujallarsa ta Complete Football, ita ce ake wawaso. Mutum ɗaya zai saya, goma su leƙa ta kafaɗarsa, wani ya ba mai jarida 'yan canji ya karanta a tsaye ya mayar, a yi ta gardama har rana ta take. Daga nan wayar salula ta shigo a 2001, gidajen kallo suka cika unguwanni, rediyoyin FM suka fara sharhin ƙwallo da Hausa, wanda ya fi dacewa da jama'ar da ta fi sabawa da saurare. Sai kwantai ya fara yawa. Na sha tsayawa ina kallon ɗaurin jaridun da aka dawo da su ba a ko kwance igiyar ba, da rubutuna a ciki, ana loda su a baro za a sayar wa masu ƙosai da masu tsire a kilo. Ga tsadar takarda: masana'antar takardar jarida ta Oku Iboku ta tsaya tun shekarun 1990, komai sai an shigo da shi da dala, darajar naira kuwa ka san inda ta shiga, musamman daga 2023. Kuma ka tuna Newswatch da Tell da TheNews, mujallun da siyasa zalla ce hajarsu, ita ce ma ta sa ake rububinsu a zamanin soja. Su ma yau da ƙyar ka gan su a teburin mai jarida. Wanda ya yi siyasa ya faɗi, wanda bai yi ba ya faɗi.

Siyasar da nake so ka ji tsoro daban take, ita ce wadda ba ta fitowa a shafi. Yawancin ƙungiyoyin gasarmu ta cikin gida na gwamnatocin jihohi ne, gwamna ke naɗa shugabanninsu, daga baitulmali ake biyan albashi. Da masu tallan kasuwa suka gudu, wa ya rage yana sayen shafi? Gwamnati, da masu taya gwamna murna, da kamfanonin caca. Wata shekara na je masaukin wata ƙungiyar jiha, ba zan faɗi jihar ba, na tarar 'yan wasa sun yi wata biyar ba albashi. Wani mai tsaron baya ya jawo ni gefe ya nuna mini takalminsa, ya ɗinke shi da zaren buhu, ya ce matarsa ta haihu bai iya sayen ragon suna ba. Na rubuta labarin da daddare, da sunayen waɗanda suka yarda a ambace su, da takardun da suka nuna mini. Washegari na buɗe jarida ban gan shi ba. Editana, mutumin kirki ne, ya rufe ƙofa ya ce mini a makon nan jihar ta sayi shafi huɗu, kuma da kuɗin za a biya mu albashi. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ba wanda ya zarge mu da cusa siyasa a wasa a ranar, domin shafin ya fito tsaf da sakamako da jadawali, amma ban taɓa yin aikin siyasa da ya kai na wannan shirun muni ba, kuma yaron nan har yau ina ganin fuskarsa.

Saboda haka ga abin da zan ce maka game da kame baki. In siyasa ta shigo fili da ƙafarta, kamar kuɗin gyaran filin wasa da ya yi ɓatan dabo, ko zaɓen hukumar ƙwallo, ko ɗan wasan da aka kora saboda abin da ya faɗa, ko alawus ɗin 'yan matan Super Falcons da aka riƙe har suka ƙi barin otal bayan sun ci kofin Afirka a 2016, wannan aikinka ne, ka bi shi har inda ya tsaya, ka ji ta bakin kowane ɓangare, ka riƙe takardunka. Amma ra'ayinka kan wanda ya dace ya ci zaɓe, mai karatu bai zo wurinka don shi ba, kuma ba ka fi shi sanin wannan ba. Ka bar shi a gida. Mai goyon bayan kowace jam'iyya ya iya karanta rahotonka ya ce yaron nan bai yi mini ƙarya ba, ko da abin bai yi masa daɗi ba.

Kada kuma ka ɗaura ranka a kan takarda. Ni ina son ƙamshin tawada, ba zan ɓoye ba, amma abin da ya sa muke rububin Sports Illustrated shi ne wani ya je, ya zauna, ya gani, ya dawo ya ba da labarin da ba za ka samu a allon sakamako ba. Wannan har yanzu mutane suna biya dominsa: jaridar New York Times ta sayi The Athletic, kafar da ke rayuwa da kuɗin masu karatu, kan dala miliyan 550 a 2022. A wajenmu kuwa fagen a buɗe yake, kusan ba kowa a ciki. Dubban shafuka suna kwafo labarin Real Madrid da Barcelona suna juya shi da Hausa, amma 'yan kaɗan ne suke zuwa gidan dambe su zauna da ɗan damben da ya tsufa hannunsa ya lalace, ko su bi 'yan kokawar Nijar zuwa gasar takobi, ko su shiga motar ƙungiya su yi tafiyar kwana biyu zuwa wasan waje su ga abin da 'yan wasa ke ci a hanya. Ranar Lahadi mai zuwa ka je filin da ya fi kusa da kai tun kafin a buɗe ƙofa, ka nemi mai yanke ciyawa da mai wanke riguna, ka tambaye su yaushe rabonsu da albashi, sannan ka rubuto mini abin da suka gaya maka.